Yadda Kansila Zai Nemi Kujerar Majalisar Dokokin Jihar Legas

Bahaushen da ya yi kansila a Agege ko Mushin, kuma yake hangen Alausa, unguwar da majalisar jihar take a Ikeja, ya kamata ya fara sanin cewa majalisar dokokin Legas tana da kujeru 40, wato biyu ga kowace ƙaramar hukuma cikin 20 da tsarin mulki ya amince da su. Sashe na 106 na tsarin mulkin 1999 ya buƙaci ɗan takara ya kasance ɗan Najeriya mai ilimin sakandare wanda jam'iyya ta tsayar, kuma tun gyaran 2018 shekara 25 ta wadatar.

Aikin gaske yana cikin mazaɓa. Kansila ya riƙe rubutaccen bayanin duk abin da ya yi wa jama'a, daga yashe magudanar ruwa kafin damina zuwa sasanta 'yan kasuwa da masu karɓar haraji, domin wakilan jam'iyya za su tambaya a lokacin zaɓen fitar da gwani. A ganina, babban kuskuren 'yan'uwanmu shi ne dogaro da ƙuri'ar Zango kaɗai. Dole ne mutum ya ji Yarabanci, ya girmama Sarkin Hausawa da sarakunan Yarabawa, ya kuma tabbatar magoya bayansa sun mayar da rajistarsu Legas, tunda da yawa Arewa suke komawa ranar zaɓe.

A tuna cewa LASIEC, hukumar zaɓe ta Jihar Legas, ce ke shirya zaɓen kansila, amma na majalisa INEC ke gudanarwa. Mudashiru Obasa ya fara ne da kansila a Agege, ya kuma zama shugaban majalisar a 2015.