Yadda ake bin sawun kakan da aka kora daga Ayilan zuwa Ostireliya

Kuskuren da masu neman asali suka fi yi shi ne farawa daga Ayilan, tunda can aka yanke wa mutumin cibiya. Daga Ostireliya ake farawa, sannan a dawo baya. Dalili kuwa gobara ce. A watan Yunin 1922, farkon yaƙin basasa, ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Four Courts a Dublin ta ƙone ƙurmus, rajistar fursunonin da aka yanke wa hukuncin kora zuwa Ostireliya kafin 1836 ta bi wutar. Takardun gandirebobin Ostireliya kuwa yawancinsu suna nan.

Abu na farko, nemo sunan jirgin da ya kawo shi da shekarar saukarsa. Fursuna a can da jirginsa ake gane shi, a kusan kowace takarda za ka ga sunansa da na jirgin a jere, don masu suna Murphy da Kelly sun yi yawa. Duba takardar neman izinin aure, ko ƙidayar jama'ar New South Wales ta 1828, wadda ta rubuta jirgin kowa. Shekarar kuma ita za ta nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Jirgin farko da ya taso kai tsaye daga Ayilan, Queen, ya bar Cork a 1791. New South Wales ta daina karɓar fursunoni a 1840, Tasmaniya ta ci gaba har 1853. Yammacin Ostireliya ce ta ƙarshe, inda Hougoumont ya sauke 'yan ƙungiyar Fenian, masu fafutukar 'yancin Ayilan, a Fremantle a Janairun 1868.

Da jirgi a hannu, sai ka nemi jerin sunayen da ake kira indent. Na farkon shekaru ba su da nama, suna ne da kotu da hukunci kawai. Na baya kuwa, sai ka ce mutumin ne tsaye gabanka: shekarunsa, addininsa, sana'arsa, ko ya iya karatu, tsayinsa, launin idonsa, tabon da ke goshinsa, zanen da ke damtsensa. Na Tasmaniya sun fi kowa bin diddigi. A Tasmanian Names Index za ka buɗe hoton littafin hali kyauta, shafi guda cunkushe da ƙananan rubutu, ranar da ya bugu, ranar da ya yi wa ubangidansa tsaurin ido, bulala nawa ya sha, kwana nawa ya yi a kurkukun kaɗaici. Karanta shi a hankali, har da gefen shafi. Abu biyu za ka kwafe: inda aka yi shari'ar da ranarta, da garin da ya ce nasu ne.

Kada ka rantse da rubutun suna. Da yawansu harshen Ayilan suke ji, akawu kuma abin da kunnensa ya ba shi yake rubutawa. Gwada sunan da O a gaba da babu, gwada shi ta fuska uku ko huɗu. Shekarun haihuwa ma ƙiyasi ne.

Sauran takardun can ba su da wuya: tikitin sassauci (izinin yin aikin kansa kafin wa'adi ya cika), afuwa mai sharaɗi, da shaidar 'yanci bayan cikar shekara 7 ko 14. Jaridun lokacin suna Trove, rumbun intanet na Laburaren Ƙasa na Ostireliya, littafin likitan jirgi kuma yana ma'ajiyar tarihin Birtaniya da ke Kew a Landan, cikin rukunin ADM 101.

Yanzu ne za ka koma Dublin. Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa tana da rumbun sunayen waɗanda aka kora a intanet, wanda aka haɗa a matsayin kyauta ga Ostireliya a 1988. Rajistar daga 1836 ta tsira, amma a ganina takardun roƙon sassauci sun fi ta daraja. Mata ko uwa ce ke aika wa wakilin Sarkin Ingila a Dublin, malamin coci da masu gari su sa hannu, ta lissafa 'ya'ya, ta ambaci ƙauye, ta faɗi yunwar da ta sa aka saci tunkiya. Sai dai ganin suna a rumbun bai nuna ya hau jirgi ba, wasu an sake su, wasu sun mutu a tsare. Haka kuma in a Liverpool ko Manchester aka kama shi, rajistar Birtaniya za ka duba, ita kuma ba ta ɗauke da waɗanda kotunan Ayilan suka yanke wa hukunci.

Shirya zuciyarka kuma. Kowane gida yana so a ce kakansa ɗan tawayen da aka yi wa mulkin Ingila a 1798 ne, akwai su, amma mafi yawa sata ce ta kai su: tufa, saniya, agogo.

In roƙon ya ba ka sunan ƙauye, sai ka shiga littattafan baftisma na cocin Katolika da Laburaren Ƙasa na Ayilan ya saka a intanet a 2015. Rajistar haihuwa ta gwamnati sai 1864 ta game kowa, saboda haka ba za ta kamo shi ba, sai dai 'ya'yan ƙannensa da suka zauna gida.