Sawun kabon: kurakuran da muke yi daga bakin murhu zuwa gona

Sawun kabon shi ne jimillar iskar ɗumama duniya da ke fita a dalilin mutum guda: girkinsa, zirga-zirgarsa, wutar gidansa da abin da ya ƙona. Idan aka raba hayaƙin fetur, gas da siminti na Kamaru kan kowane ɗan ƙasa, mutum ɗaya bai kai rabin tan ba a shekara, alhali na Ba'amurke ya haura tan 13. A nan kuskuren farko yake. Wasu in sun ji haka sai su ce babu ruwanmu. Wasu kuma su kwaso shawarar Turawa, wai a rage hawa jirgin sama, a sayi motar lantarki, su kawo mana Garwa, nan arewacin Kamaru. Mutum nawa ne a unguwarku ya hau jirgi bana? Wancan lissafin bai ƙirga itacen da muke ƙonawa ba, mu kuwa namu sawun a bakin murhu ya fi zurfi.

Mata da yawa a birni sun ɗauka gawayi ya fi itace tsabta, tunda ba ya turnuƙe madafa. Ai hayaƙinsa tun a daji ya tashi. Mai gawayi zai jibge itace, ya binne da ƙasa, ya bar shi yana ci kwana da kwanaki, kuma sai an ƙona kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo ɗaya. Saran dajin ne ya sa gwamnatin Chadi ta matsa kan hana gawayi a Njamena a farkon 2009, mutane suka sha wuya sosai domin ba a tanadi madadi isasshe ba. Mai hali ya koma gas. Ko da yake daga rijiyar mai ya fito, ɓarnarsa ba ta kai ta gawayin da aka sari daji dominsa ba. Wanda ba shi da hali, ya nemi murhu mai tsimin itace a maimakon duwatsu uku, ya girka da busasshen itace, ya kare wutar daga iska, ya rufe tukunya.

Wata gwaggona a Marwa ba ta taɓa jin kalmar kabon ba, amma takan jiƙa wake tun dare, in ta sauke tuwo kuma ta zare itacen ta tusa kansa cikin yashi, garwashin ta kife masa tsohuwar tasa don gobe. "Ke, wuta ba ta cin banza a gidana," haka take ce wa jikarta. Damin da maƙwabta ke cinyewa cikin kwana uku, ita yakan kai ta mako.

Sai ƙona bola da sunan tsabta. Leda daga man fetur ake yin ta, ƙona ta guba ce a huhun yara. Tun 2014 dokar hana leda marar kauri ta fara aiki a Kamaru, amma har yau tumatir na ɗari sai an ƙulle shi a leda. A riƙa zuwa kasuwa da kwando, ɓawon kayan miya kuma a ba awaki ko a yi taki.

Wutar Garwa galibi daga dam ɗin Lagdo take zuwa, wanda aka kammala a 1982 a kan kogin Binuwai, ruwa ne ke juya injinansa. Janareta kuwa, kowace litar fetur tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon dayoksaid. Tayar da shi don cajin waya da ƙwan fitila biyu asara ce, ƙaramin faifan sola ya isa. Babur ma haka: taya ba iska, matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, sai ya riƙa shan zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin titi, kamar rami.

A gona, cinna wa kara wuta kafin damina yana aika takin bana sama. A bar shi ya ruɓe, ko dabbobi su ci su bar kashi.

Dashen itace ne ya fi ba ni takaici. A taru a watan Agusta, a ɗauki hoto, a watse, zuwa Maris akuya da rana sun gama da shi. Darbejiyar da ta lulluɓe titunan Marwa raino ta samu kafin ta yi inuwa. Dasa biyu, ka kewaye su da ƙaya, ka ba su ruwan alwala har su shekara biyu. In kuma gawo ya tsiro da kansa a gonarka, kar ka kai masa fartanya: da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa dawa rana, da rani kuma shanu su ci 'ya'yansa.