Yadda Ake Yi Idan Injin Jirgin Sama Ya Ƙi Mutuwa

Ka sauka lafiya a filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, ka kai jirgi wurin tsayawa, alhazai har sun fara miƙewa suna sauko da jakunkuna. Ka kashe makunnin mai, amma inji yana ci gaba da gurnani. Wannan bayani na 'yan'uwanmu Hausawa ne masu koyon tuƙi a nan Saudiyya, da masu aiki a ƙarƙashin jirgi. Kundin matakan jirginka, wato jerin matakan da aka rubuta don irin jirginka, shi ne gaba da duk abin da zan faɗa.

Da farko, tabbatar birkin tsayawa yana danne, libar ƙarfi kuma tana ƙasa can. Bar jar fitilar nan mai walƙiya a kunne, don ita ke shaida wa na ƙasa cewa inji da ransa.

Sai magana, kuma nan ne na fi so ka tsaya. Faɗa wa makanikin da ke ƙasa kada kowa ya matso, mai kaya ne ko mai tsani. Inji ko a ƙaramin gudu yana zuƙe mutum ta gaba. Sanar da hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage ta turo 'yan kwana-kwana, ma'aikatan ciki kuma su zaunar da fasinjoji, ƙofofi a rufe.

Na uku, ku buɗe kundin matakai, ɗaya na karantawa ɗaya na aikatawa. "Kyaftin, inji na biyu?" "Na biyu ne." Sai an ji wannan amsa hannu zai taɓa wani abu.

Na huɗu, madannin gobara na injin. A Boeing 737 ja ake yi, a Airbus A320 dannawa. Yana rufe bawul ɗin mai na fiffike. Injin jirgi wuta ce mai cin kanta, yunwar mai ke kashe ta, shi ya sa katse lantarki ba ya magani. Bayan ka ja ko ka danna, yi haƙuri ya cinye man da ya rage a bututu, idonka na kan ma'aunin gudu da na zafi. Kada ka fesa maganin gobara in babu gobara.

In duk wannan bai yi ba, aiki ya koma hannun na waje. Ranar 4 ga Nuwamba 2010, wani injin jirgin Airbus A380 na kamfanin Qantas ya tarwatse bayan tashi daga Singafo, ɓaraguzai suka tsinke wayoyin fiffike. Da suka sauka, wani inji daban, na ɗaya, ya ƙi mutuwa. Sai da 'yan kwana-kwana suka shaƙe shi da ruwa da kumfa, bayan kimanin sa'o'i uku. An fitar da mutane ta tsani a ɗaya gefen, babu wanda ya ji rauni cikin 469.

Amma in akwai hayaƙi a ciki, zaman jira ya ƙare. A Riyad, ranar 19 ga Agusta 1980, jirgin Saudia mai lamba 163 ya dawo da gobara, ya tsaya, injuna suka ƙara kimanin minti uku kafin a kashe su, masu ceto suka kasa matsowa. Mutum 301 suka rasu, Allah ya jiƙan su. A irin wannan hali, kashe injin da zai kasu, ka fitar da mutane ta ƙofofin da ke nesa da injin da ke gudu.

In inji ya mutu, rubuta komai a littafin gyara: abin da ka taɓa, da daƙiƙun da ya ɗauka kafin ya yi shiru.