Lissafin kofi: abin da karkarwar hannu ta koya mini

Ni tela ne. Duk wanda ya taɓa kwana a kan keke ana saura kwana uku Sallah ya san abin da ke kai mu teburin mai shayi. Wata shekara na sha Nescafé har hannuna ya kama karkarwa, na kasa zura zare a allura, ƙirjina yana ta bugawa. Tun daga ranar nake lissafi.

Fara da riƙe lamba ɗaya, 400. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce miligiram 400 na kafeyin, wato sinadarin cikin kofi mai hana barci, a rana shi ne iyakar baligi mai lafiya. Mace mai ciki kuwa rabin haka, 200. Babban kofin Nescafé yakan kai kusan 100, wato huɗu ke nan a yini, in ba ka sha komai ba.

To, a nan muke yin kuskure, ɗan'uwa. Ba kofi kaɗai ake ƙirgawa ba. Ruwan bunun safe yana da nasa kafeyin. Gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana da 80. Ƙwaya ɗaya ta Panadol Extra tana iya kai 65, mu kuwa biyu muke haɗiya. Ga goron da ke kunci tun hantsi, wanda ba ma ɗaukarsa a bakin komai. A daren da hannuna ya yi rawa, kofi uku kawai na sha. Sauran ne suka cika mudun har ya zube.

Sai lokaci. Jiki kan ɗauki kimanin awa 5 kafin ya fitar da rabin abin da ka sha, don haka kofin la'asar yana nan tare da kai bayan isha'i. Kafeyin ba ya gusar da gajiya, toshe saƙonta kawai yake yi a ƙwaƙwalwa. Ni daga azahar nake rufe shafin.

Mai hawan jini ko bugun zuciya ya fara jin ta bakin likita. In kuma za ka rage, kada ka yanke rana ɗaya, ciwon kai zai kama ka. Ni tun tsakiyar Sha'aban nake rage rabin cokali duk bayan kwana uku, shi ya sa azumin farko ba ya sara mini kai yanzu.