Kurakuran da ake yi da furen dandaliyan a filin ƙofar gida

Da sanyi ya ja baya a Ingila, wajen watan Afrilu, sai filayen ciyawa na ƙofar gida su cika da furanni ruwan ɗorawa. Dandaliyan ke nan. 'Yan'uwanmu da suka kama haya a can sukan ga maƙwabta sun tayar masa da yaƙi, su ma su bi sahu ba tare da sun tambayi dalili ba. Wannan abu yana damuna, don wanda ya tashi yana cin kwaɗon tafasa ya san ba kowace ciyawa ce da ta fito da kanta ake kira banza ba.

Babban kuskure shi ne feshi. Maganin da ake sayarwa don filin gida yana barin ciyawa mai siririn ganye, ya kashe duk mai faɗin ganye. Saboda haka ba dandaliyan kaɗai yake tafiya da shi ba, har da kulofa, tsiron nan mai ganye uku-uku da farin fure. Ita kuwa kulofa taki take ba ƙasa kyauta, domin ƙwayoyin halittar da ke cikin saiwarta suna janyo naitirojin daga iska. Kafin maganin kashe ciyawa mai suna 2,4-D ya shigo kasuwa a shekarun 1940, da gangan ake haɗa irinta cikin irin ciyawar fili. Yanzu mutum ya kashe ta da kuɗinsa, ya koma kanti ya sayo buhun taki. Ga ƙudan zuma kuma, waɗanda suke fitowa da yunwa bayan hunturu, a lokacin da furanni ba su yawaita ba. Kan dandaliyan guda ɗaya tarin ƙananan furanni ne sama da 100, suna ba da ruwan zaƙi da garin fure. Lardin Ontariyo na Kanada ya hana irin wannan feshi na ƙawa tun 2009, Faransa kuma ta haramta wa masu lambun gida magungunan kemikal daga Janairun 2019. Gyaran mai sauƙi ne: ajiye gorar feshi. In akwai inda ba ka son furen, kamar gefen hanyar shiga, cire shi da hannu.

A wajen cirewar ma ana kuskure. Sai a kama ganye a fizga, saiwar ta karye a ƙasa. Saiwarsa doguwa ce mai nutsewa, kuma guntun da ya rage zai sake toho. Jira a yi ruwa ƙasa ta yi laushi, ka soka doguwar wuƙa a gefensa, ka ɗago shi gaba ɗaya.

Wasu kuma aske filin suke yi ƙwal da injin yanke ciyawa, wai don su gama da shi. Ganyen dandaliyan a kwance yake a ƙasa, wuƙar inji tana wucewa ta samansa. Ciyawar ce ke wahala, ta bar sanƙo, iri ya samu wurin sauka. Ɗaga wuƙar injin sama.

Akwai kuma kuskuren masoyan furen, kuma shi na fi so a kula da shi. Ƙungiyar Plantlife ta Birtaniya, mai kare tsirrai, ta fara kiran a bar yanke ciyawa a watan Mayu tun 2019, abin ya bazu har Amurka. Kira ne mai kyau. Amma mutum ya bar fili wata guda cur, ranar 1 ga Yuni ya aske shi tas, ya rusa mafakar ƙwarin da ya tara, ya kuma gigita ciyawar. Rage tsawon a hankali, a yanka biyu ko uku, ka kwashe abin da ka yanka. Ya fi kyau ka ware kusurwa guda ka bar ta har ƙarshen zafi, sauran ka riƙa yanka kamar sau ɗaya a wata. Sannan duba takardar hayarka, domin masu gida da yawa suna sharɗanta kula da fili, a wasu garuruwan Amurka ma ana cin tara in ciyawa ta wuce ƙa'ida. Gyara gefe-gefen filin tsaf, maƙwabci zai gane da niyya ka bar tsakiyar. In yana ƙorafin iri, tsinke kawunan da suka fara rufewa kafin su zama farin gashin da iska ke ɗauka.

Sai ci. Ana cin ganyensa, Faransawa suna yin salak da shi, ana gasa saiwar a sha a madadin kofi. Masu cewa ɗaci ya yi yawa galibi tsohon ganye suka tsinka. Ɗauki ɗanye sharaf kafin fure ya fito, ko ka ɗan tafasa shi ka zubar da ruwan. Kada ka tsinka a bakin titi, ko inda ake yawo da karnuka, ko filin da ba ka san ko an yi masa feshi ba. Tabbatar shi ne: karan furensa guda ne, ba reshe ba ganye, cikinsa rami, in ka karya yana fitar da farin ruwa. Wanda karansa ya rabu, ganyensa da gashi, wani tsiro ne daban. Dandaliyan yana sa yawan fitsari, don haka mai shan maganin hawan jini ko na tsinka jini ya tambayi likitansa kafin ya mayar da shi abincin kullum.