Kurakuran da ke ɓata hoton tsuntsu, da yadda ake gyara su

Farkon damina, da shamuwa ta sauka a kan itatuwan garuruwan da ke kewaye da Damagaram, wayoyi kan cika da hotunanta. Ka duba goma, tara wani baƙin ɗigo ne a tsakiyar farin sama. Ni ma haka na fara. Na daɗe ina ɗora wa kyamara laifi, har na soma tara kuɗin sayen wata, kafin na gane cewa yawancin ɓarnar tana faruwa ne tun ban danna komai ba.

Babban kuskure shi ne lokacin fita. Mutum ya karya kumallo, ya sha shayi, hantsi ya dubi ludayi sannan ya saɓa kyamara. A lokacin rana ta riga ta hau, haskenta na dukan tsuntsu daga bisa, idonsa ya shige inuwa, farin gashinsa ya ƙone. Tsuntsayen ma sun gama kiwon safe sun laɓe. Ka fita bayan sallar asuba, ka isa wurin kafin rana ta ɓullo, ko ka jira bayan la'asar sakaliya. Ka sa rana a bayanka, inuwarka ta miƙa wajen tsuntsun. A nan ne wani ɗan haske ke bayyana cikin ƙwayar idonsa, kuma wannan ɗigon shi ke raba hoton mai rai da na mushe.

Sai tsayuwa. Kusan kowa a tsaye yake ɗauka, kyamara na kallon ƙasa in kurciya ce, ko tana kallon sama in shirwa ce. Hoton da aka ɗauko daga bisa yana kwaso yashi, leda da kashin awaki, duk a fili kamar tsuntsun. Ka durƙusa, in ta kama ka kwanta rub da ciki, idon kyamara ya yi daidai da idon tsuntsun. Nan take abin da ke bayansa ya yi nisa ya narke, shi kuma ya fito. A bakin tafkin Gidimuni, inda zalɓe da kirinjijiya ke taruwa, wannan kwanciyar a taɓo ita ce rabin aikin. Yara za su yi maka dariya, rigarka za ta ɓaci. Ka sa tsohuwa.

Kafin ka danna, ka dubi bayan tsuntsun, ba shi kaɗai ba. Igiyar lantarki da ke ratsa kansa, ko reshen da ya fito kamar ƙaho, taku biyu zuwa dama kan kawar da su. Duwatsun Birni da jar katangar laka suna ba da baya mai kyau da yamma, haka duhun lambunan Mirriya.

Akwai kuma masu bin tsuntsu da sauri, su ga cilakowa su nufe ta kai tsaye. Ta tashi, su bi, ta sake tashi. Maharban da ke ɗaura kan burtu a goshi su yi ta sunkuyo sun san abin da muka manta: tsuntsu yana tsoron siffar mutum a tsaye mai tahowa. Ka lura da inda suke shan ruwa ko reshen da suke yawan sauka, ka zauna can gefe da tufa mara ƙyalli, ka yi shiru. Bayan ɗan lokaci su za su matso. Mai waya kuwa kada ya ja hoto da yatsu biyu har ƙarshe. In wayar ba ta da ido na musamman na hangen nesa, wannan jan yanka hoton kawai yake yi yana buɗa shi, gashin tsuntsu ya koma kamar fenti da aka shafa da hannu.

Yanzu maganar da ta fi ba mutane wuya, wato haske a kan fari da baƙi. Kyamara ba ta san belbela fara ce ba. Tana auna dukan abin da ke gabanta ta nemi tsaka-tsaki. In belbela na tsaye a gaban duhun ciyawa ko bayan baƙar saniya, sai kyamara ta ƙara haske, farin ya ƙone fat, babu layin gashi ko ɗaya. Abin da ya ƙone haka babu manhajar da ke dawo da shi. Saboda haka ka rage ma'aunin haske zuwa -1 ko kusa da haka. A waya, ka taɓa jikin tsuntsun, ka ja alamar rana ƙasa kaɗan. Shirwa ko shamuwa a sararin sama akasin haka ne: sama ta rinjayi kyamara, tsuntsu ya fito baƙi ƙirin, don haka ka ƙara zuwa +1. Hankaka shi ne mai wuyar sha'ani, ga baƙi ga farin ƙirji a jiki ɗaya. Ka kare farin, baƙin ana iya ɗago shi wajen gyara, musamman in ka ɗauka a tsarin RAW, wanda ke riƙe bayanai fiye da JPEG, tsarin hoton da aka saba.

Hoto mai dishi-dishi kuwa galibi ƙiftawar kyamara ce ta yi jinkiri. Tsuntsu a zaune yana son 1/500 na daƙiƙa, mai tashi 1/2000. Mutane na gudun ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, don tsoron tsaki-tsakin da yake kawowa, su gwammace su rage sauri. Ni dai gara in samu hoto mai tsaki a ISO 1600 da in samu mai santsi wanda fiffike ya zama hayaƙi. Kuma ka ɗora saitin kyamara a kan idon tsuntsun. In ido ya fito tar, ana yafe wa wutsiya.

A wajen gyara, ɓarnar ta wuce gona da iri ce. An buɗe manhajar gyaran hoto kamar Snapseed ko Lightroom, an ja launi har ƙarshe, kurciya ta koma ja kamar tattasai, sama ta yi shuɗin da ba a taɓa gani a Damagaram ba. An ƙara kaifi har wani farin zare ya zagaye tsuntsun. Duk wanda ya san tsuntsun zai gane ƙarya ce. Ka fara da rage wuraren da suka yi haske da yawa, ka ɗan ɗago inuwa, sannan ka shafa kaifi a kan kai da ido kawai, ka bar baya da laushinsa. Hotunan hunturu sukan fito fari-fari saboda hazo. Lightroom na da ma'aunin kawar da hazo, amma kaɗan ake sa shi, in ya yi yawa hoton ya yi dauɗa. Wani lokacin ma hazon nan ado ne, ka bar shi. Wajen datse gefe, kada ka dasa tsuntsu a tsakiya kamar hoton katin ɗan ƙasa. Ka bar masa fili ta inda bakinsa ke kallo, kuma kada ka yanke masa ƙafa ko bakin wutsiya.

Hunturun dai yana da wata illa: canza idon kyamara a fili cikin iska. Ƙura ta shiga ciki, kowane hoton sama ya fito da ɗige-ɗige a wuri ɗaya. Ka canza a ɗaki ko cikin jaka.

Sheƙar shamuwa sau da yawa a kan itacen tsakar gidan mutane take, kuma ba a son a tsangwame ta, don ita ke kawo albishir ɗin ruwa. Ka yi sallama, ka nemi izinin maigida, ka ɗauka daga ƙasa. Kada ka hau itacen, kada ka sa yaro ya yi jifa don ta tashi ka samu fiffike a buɗe. Za ta tashi da kanta in za ta je kiwo.

In ka gama duk wannan wahala za ka tura wa wani ta WhatsApp, ka aika shi a matsayin fayil. In ka tura ta hanyar hoto da aka saba, manhajar na matse shi, layin gashin da ka kwanta a taɓo dominsa ya tafi.