Yadda ake ɗinke tsohon hoton da ya fi ƙarfin sikana

Gilashin sikanar da ke yawancin shagunan buga takardu girman A4 ne, faɗi santimita 21, tsawo 29.7. Tsohon hoton biki ko na 'yan aji da aka ciro daga firam kuwa yakan kai 30 a faɗi, 40 a tsawo, don haka ba zai hau a tashi ɗaya ba. Sai a ɗauke shi gida-gida, a ɗinke a kwamfuta. Mafi yawan aibin da ke fitowa bayan ɗinkin, tun a kan gilashi aka ɗebo shi, shi ya sa za mu daɗe a nan.

A fara goge gilashin da tsumma mai laushi, musamman lokacin hunturu, domin kowace ƙwayar ƙura ɗigo ne fari da za a zauna cirewa daga baya. Hoton kuma a kaɗe shi da burushi mai taushi, kada ruwa ya taɓa shi. In ya manne da gilashin firam, kada a ɓamɓare, fuskar mutum za ta bi gilashin ta tafi. A bar shi a manne, a ɗauka da kyamara.

Hoto mai 30 da 40 gida huɗu yake buƙata: sama hagu, sama dama, ƙasa hagu, ƙasa dama. Kowane gida ya hau kan maƙwabcinsa da aƙalla santimita 5. Dalili biyu ne. Manhaja na buƙatar wurin da ta gani a duka biyun kafin ta san inda za ta haɗa, sannan bakin sikana yana da ɗan tudu da ke ɗaga takarda, sai gefen ya fito da duhu da dishi-dishi. Wannan gefen zubar da shi za a yi, sai an bar masa rara. Abin ya fi muni a siraran sikanoni masu irin idon ɗaukar hoto da ake kira CIS, waɗanda da takarda ta ɗaga kaɗan sun daina gani sosai.

Kada a juya kan hoton tsakanin ɗauka da ɗauka. Fitilar sikana daga gefe guda take haskawa, in aka juya, inuwar saƙar takardar za ta sauya hannu, rabin hoton ya fi rabi haske. In murfi ya tare hanya, a duba, da yawa ana iya zare su. A ɗora littafi mai nauyi a bayan takardar ta kwanta.

A cikin manhajar sikanar a kashe duk wani gyaran haske da launi da take yi da kanta. In an bar shi, gidan da farar babbar riga ta cika za ta rage masa haske, wanda ke da duhun zaure ta ƙara masa, a haɗa a ga layi ya raba hoton biyu. A sa 300 dpi (wato yawan ɗigo a kowane inci) in girmansa na asali za a sake bugawa, 600 in za a ninka shi. A ɗauka da launi ko da hoton baƙi da fari ne, tabo ya fi sauƙin ganewa a haka. A adana a TIFF, nau'in fayil da ba ya rage ingancin hoto. Gida ɗaya a 300 dpi yakan ci wajen megabait 26, a 600 ya haura 100, don haka a leƙa filashi tukuna.

Ɗinki a Photoshop ba wuya. A shiga File, Automate, Photomerge, a zaɓi fayilolin huɗu, a danna Reposition, a bar alama a kan Blend Images Together. Auto da Perspective don hoton fili aka yi su, wanda aka ɗauka ana juya kyamara, suna iya lanƙwasa takardar da a miƙe take, fuskokin gefe su yi faɗi. In ya ƙi haɗawa, galibi hawan bai isa ba ne, ko kuma wurin haɗin bango ne fili wanda ba shi da wata alama da za a kama.

GIMP, wata manhajar gyaran hoto, kyauta ce, amma da hannu ake yin ɗinkin. A buɗe gidajen ta Open as Layers, kowanne ya zama leya mai zaman kanta kamar takardun da aka jera bisa juna. A faɗaɗa fili ta Canvas Size ya ɗan fi ɗigo (pixel) 3543 da 4724, wanda shi ne 30 da 40 a 300 dpi. A mai da yanayin leyar sama Difference, a riƙa tura ta da maɓallan kibiya. Inda biyun suka dace daidai zai koma baƙi ƙirin. In sama ta yi baƙi, ƙasa na nuna zane fari-fari, to gidan ya ɗan karkace, sai a juya shi da Rotate, kaɗan-kaɗan, kashi ɗaya cikin goma na digiri a kowane gwaji. Da ya zauna, a mai da shi Normal, a sa masa Layer Mask, wato abin da ke ɓoye sashen leya ba tare da goge shi ba, a shafe gefen da burushi mai taushin baki. Layin haɗin ya bi ta bango, tabarma ko ninkin zane. Kada ya ratsa ido ko baki, nan ne mai hoton zai fara kallo.

Sai an gama ɗinki ake taɓa launi, a yi wa hoton gaba ɗaya. A buɗe Levels. Za a ga zane kamar tudu da ƙananan alamu uku a ƙarƙashinsa. Hoton da ya koɗe tudunsa a tsakiya yake tattare, gefe da gefe wayam. A ja alamar hagu zuwa gindin tudun, ta dama ma haka. Hotuna masu launi na shekarun 1970 da 1980 da yawa sun rine sun yi ja, saboda rinin da ke danne jan ya riga sauran gudu. Maganinsa a yi wannan jan alamu a Red daban, Green daban, Blue daban. A sa ido kan farin rawani ko mayafi: in ninkinsa ya ɓace ya zama fari fat, an wuce gona da iri, a ja baya.

Ɗigo da ƙaramin karce na Heal ne, doguwar tsaga ta Clone, duka biyun burusai ne da ke ɗebo lafiyayyen wuri su rufe aibi da shi, a riƙa sauya wurin ɗebowa don kada zanen atamfa ya maimaita kansa. A yi wannan a sabuwar leya, an zuƙo hoton zuwa 100%. Tsagen fuska da ƙaramin tabon haihuwa ba datti ba ne, a tambayi masu hoton kafin a share. Unsharp Mask, mai ƙara wa hoto kaifi, a ƙarshe, kuma kaɗan, don yana fito da saƙar takarda tare da fuska.

A ajiye uwar aikin da leyoyinta a PSD in Photoshop ne, ko XCF in GIMP ce. Daga ita ake fitar da kwafin bugawa, JPEG mai inganci 90 zuwa sama, a tsarin launi na sRGB. JPEG na zubar da wani abu duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa, don haka kowane sabon gyara a koma wa uwar. In ta WhatsApp za a tura wa mai bugawa, a aika a matsayin Document, in ba haka ba za ta matse shi. Kafin a biya kuɗin babba, a yanko fuska ɗaya da ɗan farin tufa, a buga a ƙaramar takarda a duba a hasken rana, domin takarda takan fi allon kwamfuta duhu.